Tarihin Baltimore Stallions, ƙungiyar da ta ci kofi ba ta ƙara wata uku a duniya ba

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga gidan kallo, muna zaune wajen mai shayi a nan Sabo sai gardama ta kaure. Wani matashi mai gyaran waya ya dage cewa kulob ɗin da ke cin kofi ba ya taɓa mutuwa, wai talauci da shan kashi ne kawai ke kashe ƙungiya. Na ce masa na san wata ƙungiya da ta buga kaka biyu kacal, ta je wasan ƙarshe a duka biyun, ta ɗauki kofi a ta biyun, kuma ba a cika wata uku ba aka neme ta aka rasa. Ya ce sai dai a fim ɗin Indiya. Na yi masa alkawarin zan rubuta labarin, to ga shi.

Sunan ƙungiyar Baltimore Stallions. Ta birnin Baltimore ce da ke jihar Maryland a Amurka, amma gasar ƙasar Kanada take bugawa, wadda ake kira CFL. Ta rayu daga 1994 zuwa 1995. Kuma akwai ɗan Najeriya a cikin labarin, za mu zo kansa.

Wane irin ƙwallo ne wannan

Ba irin namu ba ne na su Arsenal da Pillars. Wannan shi ne zari-rugar Amurkawa, wanda za ka ga ƙarti sun sa hular kwano da kafaɗun roba suna karo da juna. Ƙwallon mai tsini biyu ne kamar ƙwai, da hannu ake ɗaukarsa a ruga ko a jefa. Abin da ake nema shi ne a kai shi ƙarshen fili, gidan abokan hamayya, a samu maki shida. Idan an kasa kaiwa, sai a kira mai bugun ƙafa ya harba shi tsakanin wasu dogayen sanduna biyu, a samu maki uku. Da yadi ake auna filin, yadin nan dai da tela ke auna shadda da shi.

A Amurka babbar gasa ita ce NFL. 'Yan wasa 11 ne kowane gefe, tsawon fili yadi 100, kuma ana ba ka dama huɗu ka ci yadi goma, in ka kasa ka miƙa ƙwallo. A Kanada kuwa 'yan wasa 12 ne, tsawon fili yadi 110, faɗinsa yadi 65, dama uku kawai ake bayarwa. Wanda bai sani ba zai ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Filin Kanada yana son ɗan wasa mai gudu da numfashi fiye da mai nauyi, kuma wannan bambancin shi ya kayar da Amurkawa da yawa da suka shiga gasar da raini. Kofin da ake nema a Kanada sunansa Grey Cup, wani gwamna janar na ƙasar mai suna Earl Grey ne ya bayar da shi a 1909. A wurin 'yan Kanada kofin nan kayan gado ne.

Daren da aka kwashe ƙungiya a mota

Ba za ka fahimci Stallions ba sai ka san abin da aka yi wa Baltimore shekara goma kafin nan. Birnin yana da ƙungiyarsa ta NFL mai suna Colts tun 1953. Ma'anar sunan duƙushi, wato ɗan doki. Sun ci gasa a 1958 da 1959 da shahararren madugunsu Johnny Unitas, suka kuma ci Super Bowl a Janairun 1971. Mutanen garin, yawancinsu ma'aikatan tashar jiragen ruwa da masana'antar ƙarfe, sun ɗauki ƙungiyar kamar ta gidansu.

Mai ƙungiyar a lokacin, Robert Irsay, ya daɗe yana rigima da hukumomi a kan tsohon filin wasa na Memorial Stadium, yana neman a gyara ko a gina sabo. Da majalisar jihar ta fara shirin dokar da za ta ba birnin ikon ƙwace ƙungiyar daga hannunsa, sai ya riga su. A daren 28 ga Maris 1984, ana zubar ƙanƙara, manyan motocin kamfanin Mayflower suka shiga harabar ƙungiyar suka loda komai. Kafin gari ya waye sun kama hanyar Indianapolis. Mutane sun kwanta da ƙungiya, suka tashi babu. Sunan ma da shi aka tafi, har yau Indianapolis Colts ake kiranta.

Abu ɗaya ne bai bi motocin ba, 'yan badujalar ƙungiyar. Kayan sawarsu suna wurin wanki a daren, don haka suka tsira. Mutanen nan suka ci gaba da busa da kiɗa a bukukuwa da filayen wasu garuruwa shekara da shekaru, ga 'yan baduja amma babu ƙungiya.

A 1993 NFL ta ce za ta ƙara ƙungiyoyi biyu. Baltimore ta shirya, jihar ta ware kuɗin sabon fili, kowa ya sa rai. Sai aka ba Charlotte da Jacksonville. Shugaban NFL na lokacin, Paul Tagliabue, ya ƙara da wata magana da ta nuna cewa garin da bai samu ba yana iya kashe kuɗinsa a kan wani abin dabam, kamar gidan tarihi. Mutanen Baltimore ba su taɓa yafe masa wannan ba. To a cikin wannan ɓacin ran ne gasar Kanada ta zo ta yi sallama.

Abin da ya kawo 'yan Kanada Amurka

Talauci ne, ba wani abu ba. A farkon shekarun 1990 ƙungiyoyin CFL da dama suna cikin bashi. Shugaban gasar, Larry Smith, ya ga cewa idan aka sayar wa attajiran Amurka gurbin shiga, kuɗin da za su biya zai riƙe gidan, wataƙila ma a samu kwangilar talabijin. An fara da Sacramento a 1993. A 1994 aka ƙara Las Vegas da Shreveport da Baltimore. A 1995 Birmingham da Memphis suka shigo, ta Sacramento ta koma San Antonio.

Yawancinsu abin dariya suka zama. Ta Las Vegas a wurin ajiye motoci na wani otel take atisaye, mawaƙin da suka ɗauko ya rera taken Kanada ya dagula shi har abin ya zama labari a ƙasashen biyu, kuma akwai wasan da 'yan kallo ba su kai dubu uku ba. Kaka ɗaya ta yi ta mutu. Ta Shreveport a saman wani ginin dabbobi na filin baje koli aka sauke 'yan wasanta lokacin horo. Filin Memphis bai ɗauki awon Kanada ba, sai da aka datse ƙarshensa. A kudancin Amurka kuma da zarar an fara gasar jami'o'i a watan Satumba sai 'yan kallo su watse, domin a can ƙwallon jami'a shi ne sarki.

Baltimore ce ta fita daban, kuma ba sa'a ba ce. Wanda ya sayi gurbin a Fabrairun 1994, Jim Speros, matashin ɗan kasuwa ne da ya buga wasan a jami'ar Clemson, ya kuma taɓa zama mataimakin koci a NFL. Ya yi abin da sauran suka ƙi yi. Maimakon ya ɗauko kocin Amurka mai suna wanda bai san dokar dama uku ba, sai ya ɗauko Don Matthews, Ba'amurke ne amma ya tsufa a gasar Kanada, ya ci kofin da ƙungiyar BC Lions a 1985. Ya haɗa shi da Jim Popp a aikin zaƙulo 'yan wasa. Su biyun suka bi gasar suna tsinto waɗanda suka riga suka san filin. Suka kawo Tracy Ham a matsayin madugu, wato mai karɓar ƙwallo ya raba, wanda ya taɓa zama gwarzon gasar a 1989 lokacin yana Edmonton. Suka karɓo Mike Pringle daga Sacramento, mai ruga da ƙwallo da can ba a san darajarsa ba. A baya akwai O.J. Brigance da Elfrid Payton.

Sannan ga fili. Ƙungiyar wasan sanda ta garin, Orioles, ta bar Memorial Stadium bayan 1991, filin yana nan a zaune, kuma da faɗinsa, ya ɗauki awon Kanada ba tare da wahala ba.

Akwai wata alfarma kuma da dole a faɗa, don a yi adalci. Dokar gasar ta tilasta wa ƙungiyoyin Kanada cewa sama da rabin 'yan wasansu su zama 'yan ƙasa. Ƙungiyoyin Amurka ba a ɗora musu wannan ba, saboda dokar ƙwadago ta Amurka ba za ta yarda da shi ba. Saboda haka Baltimore tana iya cika kowane gurbi da Ba'amurke. 'Yan Kanada sun yi ta ƙorafi a kan wannan, kuma suna da gaskiya. Sai dai sauran ƙungiyoyin Amurkan ma suna da wannan alfarmar, ba wadda ta yi abin kirki da ita in ban da San Antonio a 1995.

Ƙungiyar da kotu ta hana suna

Speros ya san inda ke yi wa mutanen garin ƙaiƙayi, sai ya raɗa wa ƙungiyarsa Baltimore CFL Colts, da alamar kan doki da shuɗin launi. Tikiti ya kama tafiya. NFL da masu Indianapolis Colts suka garzaya kotu a jihar Indiana suka ce sunan nasu ne. A watan Yunin 1994 alƙali ya hana amfani da sunan. Aka ɗaukaka ƙara, kotun sama ma ta tabbatar. Ka ji fa, an tafi da ƙungiyarka cikin dare, ka samu wata, an kuma ce ba za ka kira ta da sunan da ka saba ba.

Haka ƙungiyar ta buga kakar 1994 gaba ɗaya ba ta da suna. A takarda ana rubuta Baltimore Football Club, 'yan jarida suna ce mata CFLers. Amma mutanen gari suka samo dabara. Mai sanarwa a lasifika zai ce ga ƙungiyarku ta Baltimore CFL, sai ya yi shiru. Sai dubban mutane su amsa da baki ɗaya, Colts! Kotu ta hana kamfani, ba ta hana bakin jama'a ba. Ni a ganina hukuncin nan taimakon Speros ya yi, domin ya mayar da zuwa kallon wasan wata hanya ta ramuwa. A kakar nan matsakaicin 'yan kallonsu ya haura dubu 37 a kowane wasa, sun fi kowace ƙungiya a gasar, har da na Kanada masu shekaru aru-aru. Tsofaffin 'yan badujalar nan ma suka dawo filinsu.

Sai a 1995 aka raɗa mata Stallions, ma'ana ingarmu. Duƙushi ya girma ke nan.

Ɗan Najeriyar da ke bugun ƙafa

Mai bugun ƙafar ƙungiyar a 1994 shi ne Donald Igwebuike, Ibo ne daga gabashin ƙasar nan. Irin ƙwallonmu ya sani, shi ya kai shi jami'ar Clemson, inda wani ɗan Najeriyar, Obed Ariri, ya riga shi komawa bugun zari-ruga. Igwebuike yana cikin tawagar Clemson da ta zama zakaran jami'o'in Amurka a kakar 1981. Ya buga wa Tampa Bay a NFL daga 1985 zuwa 1989, ya koma Minnesota a 1990. A shekarar ne aka tuhume shi da hannu a safarar ƙwaya. Kotu ta wanke shi a 1991, amma bai sake buga wasan gasa a NFL ba. Duk wanda ya zauna a garin da ba nasu ba ya san yadda zargi ke manne wa baƙo ko da an wanke shi. Baltimore ce ta ba shi wuri.

Kuma ya biya su. Ƙungiyar ta ci wasa 12 ta faɗi 6 a kakar, ta zo ta biyu a rukunin gabas. Pringle ya ruga yadi 1,972, abin da ba a taɓa yi ba a gasar kafin nan. A zagayen kifa-ɗaya-ƙwala suka doke Toronto 34 da 15 a gida, sannan suka je Winnipeg cikin sanyi da iska suka ci 14 da 12, kuma doguwar ƙafar Igwebuike ce a kusa da tashi ta raba gardama. Ƙungiyar da ba ta kai shekara ɗaya ba, ba ta da ko suna, ga ta a wasan ƙarshe.

Vancouver, 27 ga Nuwamba 1994

Wasan ƙarshen a birnin Vancouver aka yi, kuma abokan karawar su ne BC Lions, masu garin. Mutum sama da dubu 55 suka cika filin da tutocin Kanada. Wannan ne karon farko da ƙungiyar waje ta zo neman Grey Cup, don haka abin ya wuce wasa, ya koma maganar mutuncin ƙasa. Har waɗanda ba sa shiri da Lions a ranar sun zama 'yan Lions.

Baltimore ce ke gaba 17 da 10 aka tafi hutu. Lions suka farfaɗo, aka zo 23 da 23. Saura kamar minti ɗaya, mai bugun ƙafar Lions, Lui Passaglia, ɗan garin ne mai shekara 40, ya buga daga yadi 37 ya ɓarar. Baltimore ta kasa motsa ƙwallon, ya dawo hannun Lions. A bugun ƙarshe, lokaci ya ƙare, Passaglia ya sake gwadawa daga yadi 38, ya shiga. Aka tashi 26 da 23. Kanada ta yi ajiyar zuciya. Duk da haka ɗan Baltimore, Karl Anthony, aka ba gwarzon wasan.

Kakar 1995

A shekara ta biyu aka raba gasar gida biyu, arewa ta 'yan Kanada, kudu ta Amurkawa. Igwebuike ya koma Memphis, Carlos Huerta da ya tsira daga rushewar Las Vegas ya maye gurbinsa. Stallions suka ci wasa 15 suka faɗi 3. Pringle ya ruga yadi 1,791, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Salon wasansu ba na burgewa ba ne, tura Pringle ake yi a bayan ƙartin gaba har sai abokin hamayya ya gaji. A gasar da aka sani da jifa, su da ƙafa suke cin mutane. 'Yan kallo sun ɗan ragu zuwa kimanin dubu 30, amma har yanzu suna cikin na sama.

Ranar 4 ga Nuwamba suka doke Winnipeg 36 da 21 a zagayen farko na kifa-ɗaya-ƙwala. A lokacin jita-jita ta riga ta cika gari. Kwana biyu bayan nan, ranar 6 ga Nuwamba 1995, Art Modell, mai ƙungiyar Cleveland Browns ta NFL, ya tsaya tare da gwamnan Maryland, Parris Glendening, ya sanar cewa zai kwaso ƙungiyarsa zuwa Baltimore. Jihar ta yi masa alkawarin sabon fili na kimanin dala miliyan 200. Wato abin da Indianapolis ta yi wa Baltimore a 1984, shi Baltimore ta yi wa Cleveland, bambancin kawai wannan da rana tsaka aka yi.

Daga ranar Stallions suka zama baƙi a gidansu. Jaridu da gidajen rediyo suka koma kan NFL. Masu talla suka fara lissafin inda za su kai kuɗinsu baɗi. 'Yan wasan dai ba su fasa ba, suka doke San Antonio 21 da 11, suka samu tikitin wasan ƙarshe karo na biyu a jere.

Regina, 19 ga Nuwamba 1995

Kwana 13 bayan sanarwar Modell aka yi wasan a Regina, wani ɗan birni a tsakiyar filayen alkama na Kanada, gaban mutum sama da dubu 52, ga iska mai kaɗa mutum. Abokan karawa Calgary Stampeders ne, su ma wasa 15 suka ci a kakar, madugunsu Doug Flutie, wanda ake ganin babu kamarsa a gasar a lokacin.

Tun farkon wasa Chris Wright ya cafe ƙwallon da aka bugo ya ruga yadi 82 ya kai gida. Daga baya Brigance ya tare wani bugun, Alvin Walton ya tsince shi ya shige. Huerta ya zura biyar ta tsakanin sanduna, ɗaya daga yadi 53. Ham da kansa ya ruga ya ci ɗaya. Aka tashi 37 da 20, Ham ne gwarzon wasa. Wannan ce nasararsu ta 13 a jere, ta 18 a kakar. Karo na farko ke nan da Grey Cup ya tafi hannun ƙungiyar da ba ta Kanada ba, kuma har yau bai sake faruwa ba.

Da suka dawo gida da kofin an yi musu ɗan taro a bakin ruwan garin, amma ba irin wanda ake yi wa zakaru ba. Hankalin gari yana wani wuri. A nan ne nake tuna abin da muke gani a kasuwanninmu na nan Kudu. Mutum ya kama hayar rumfar da kowa ya guje, ya share, ya gyara, ya jawo ciniki, layin ya farfaɗo. Ranar da ɗan mai gida ya ce yana so, ko musu ba a yi, sai a ce ka nemi wani wuri. Ba wai ka yi laifi ba ne. Stallions haya suke yi a zuciyar mutanen Baltimore. Ban ce mutanen sun yi munafunci ba, sun so ƙungiyar da gaske, akwai ma waɗanda suka yi gangamin a bar ta. Amma abin da ya cika filin tun farko fushi da NFL ne, kuma da NFL ta dawo ba sauran wanda za a yi wa fushin.

Yadda aka naɗe tabarma

Speros ya so ya zauna, amma lissafin bai fita ba. Fili ɗaya ne, kuma sabuwar ƙungiyar NFL a nan za ta buga har a gama nata. Kakar gasannin biyu tana haɗuwa daga Satumba zuwa Nuwamba. Ya leƙa Houston, inda Oilers ke shirin tashi, abin bai yiwu ba. Sauran ƙungiyoyin Amurkan kuwa dama da ƙyar suke numfashi, kuma Baltimore ce hujjar da ake nunawa cewa gwajin zai iya yin nasara. Da ta tashi sai duk suka zube. A Fabrairun 1996 CFL ta rufe babin Amurka baki ɗaya.

Aka mayar da ƙungiyar birnin Montreal, aka farfaɗo da sunan Alouettes, tsohuwar ƙungiyar garin da ta mutu a 1987. Tunda yanzu a Kanada take, dokar 'yan ƙasa ta hau kanta, don haka aka sallami 'yan wasan, Popp ya sake ɗaukar waɗanda zai iya. Ham ya bi shi, Pringle ma daga baya ya zo, har ya ruga yadi 2,065 a 1998 ya karya nasa tarihin. Matthews ya tafi Toronto, ya haɗu da Flutie ɗin da ya doke, suka ci kofi a 1996 da 1997. Speros bai daɗe ba, a 1997 ƙungiyar ta koma hannun Robert Wetenhall. A ƙarƙashin Popp, Montreal ta ci kofi a 2002 da 2009 da 2010, na 2002 ma Matthews ne koci. Madugunsu a duka ukun Anthony Calvillo ne, wanda ya fara wasa a waccan ƙungiyar ta Las Vegas mai atisaye a wurin ajiye motoci.

Abin mamaki, a littafin tarihin gasar ba a haɗa shekarun Baltimore da na Montreal. Alouettes suna lissafa nasu daga tsohuwar ƙungiyarsu. Saboda haka tarihin Stallions ya tsaya shi kaɗai: wasa 42, nasara 32, wasan ƙarshe biyu, kofi ɗaya.

Ita kuma Cleveland ta yi rigima har aka bar mata suna da launi da tarihin Browns, aka ba ta sabuwar ƙungiya a 1999, gatan da Baltimore ba ta samu ba a 1984. Ƙungiyar Modell ta zama Baltimore Ravens, wato hankaki, ta fara wasa a 1996 a Memorial Stadium ɗin nan. 'Yan badujalar Colts suka zama na Ravens. Filin kansa an rushe shi a farkon shekarun 2000.

Mutum ɗaya ne ya haɗa labaran biyu. O.J. Brigance ya tafi NFL, ya yi shekaru a Miami, sannan ya dawo Baltimore a 2000 a matsayin ɗan Ravens. A Janairun 2001 suka ci Super Bowl, kuma shi ya fara kayar da mutum a wasan. Shi kaɗai ne ya ci Grey Cup da Super Bowl da sunan gari ɗaya. A 2007 aka gano yana da ciwon nan mai kashe jijiyoyin jiki da ake kira ALS, ya koma kan keke yana magana ta na'ura, Ravens kuma suka ci gaba da riƙe shi a cikin ma'aikatansu.

Mai gyaran wayar nan ya tambaye ni a daren, to kofin fa, wa ya riƙe? Ba a riƙe Grey Cup, guda ɗaya ne, kowace shekara sabon zakara ake miƙa wa. Ya koma Kanada, Toronto ta ɗauka a 1996. Amma ana zana sunan kowace ƙungiyar da ta ci a gindinsa, don haka a gurbin 1995, tsakanin BC Lions da Toronto, sunan Baltimore Stallions ne a wurin.